Wainar Suruki

Inna Hanatu ta Kwatarkwashi tana da ciwon suga, tana da hawan jini, tana kuma da suruki mai cika alkawari. Cikin ukun, na ƙarshen ne ya kusa hana ta zuwa Makka.

Ranar da aka sa wa maniyyatan Bunguɗu su je Gusau allurar sanƙarau, ɗiyarta Sa'adatu tana jego. Don haka mijin Sa'adatun, Malam Abdulaziz, malamin makaranta a Tsafe, ya ce zai biyo ya ɗauke ta da ƙarfe bakwai. Inna ta ɗauka bakwai irin ta mutane ce, wato wajen tara. Ta haɗiye ƙwayar suga, ta ɗora ruwan koko, sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Ba a shanya suruki a waje saboda ciki. Ta sauke tukunya, ta ja mayafi, ta shiga baya ita da maƙwabciyarta Hussaina, wadda ita ma ta biya kujera bana.

A hanya ya tsaya ya sayo waina mai zafi, ya miƙa baya ba tare da ya waiwaya ba.

"Inna, ga ɗan abin karyawa."

"Mun ƙoshi," in ji ta, tana kallon gonaki.

Tun da aka ɗaura auren Sa'adatu bai taɓa ganin bakinta yana tauna ba, kuma ba yau za a soma ba. Hussaina, da ba surukinta ba ne, ta cinye nata rabon, ta taimaka wa na Inna. Shi kuwa har suka shiga Gusau yana yi musu bayani, cikin ladabi, cewa allurar ba ta da illa ga tsofaffi, masu suga da hawan jini ma su suka fi bukatarta.

A asibiti layi ya yi tsawo, rana ta take. Da aka zo kan Inna, ma'aikaciyar jinya mai suna Jummai ta auna jininta, ta tambaye ta, "Inna, kin sha magani? Kin karya?"

Abdulaziz yana tsaye a bayanta riƙe da jakarta.

"Alhamdulillahi," in ji Inna.

Aka yi allura. Ba ta kai bakin ƙofa ba gumi ya karyo mata, ta sulale ƙasa. Layin da ya ƙi motsi tun safe ya motsa nan take, amma da baya. Wani dattijo mai jar hula ya sauke hannun rigarsa da ya naɗe.

"Ai na faɗa muku. Mai suga ba shi ɗaukar allurar ga."

Aka ɗora Inna bisa gado, Jummai ta huda yatsanta, ta duba na'ura, ta sa aka dama sukari a ruwa, ta tallafo kanta tana ba ta kaɗan-kaɗan. Da Inna ta dawo daidai, abin da ta fara gani shi ne surukinta a gindin gado yana yi mata fifita da katinta na allura. Ta so a ce ba ta farfaɗo ba.

"Suganki ne ya faɗi, ba allura ba ce," in ji Jummai. "Amma likita ba zai sa miki hannu ba sai ya san dalili. In kin ci abinci kuma ya faɗi haka, sai an tsaya bincike, jirgin bana yana iya tashi ya bar ki. In kuwa magani kika sha ciki wayam, magana ta ƙare. Wanne ne?"

Inna ta ƙura wa silin ido. Makka tana gefe ɗaya. A ɗaya gefen kuma, ta buɗe baki gaban mijin ɗiyarta ta ce yunwa ce ta kayar da ita, bayan ta ce masa ta ƙoshi.

"Hanatu," in ji Hussaina, "ki faɗa ko in faɗa. Wainar ga tana cikina, ba ta kai ga narkewa ba."

Inna ta ja mayafi har bisa hanci.

"Ban ci ba."

"Don mi?" in ji Jummai.

Inna ta kawar da kai. Jummai ta dubi tsohuwar, ta dubi mai fifita.

"Malam, surukarka ce?"

Ya sunkuyar da kai. Ya san sunan allurar da Turanci, ya san ƙasar da ta yi ta. Ya kuma san tun yana yaro cewa mai ba surukarsa abinci ajiyewa yake ya ɓace. Shi ya miƙa, ya zauna, ya hau jawabi.

"To, yanzu za ta ci, ina gani," in ji Jummai. "Kuma a bar ƙofar a buɗe, 'yan layi su ma su gani."

Shi aka aika ya sayo shinkafa da wake. Ya ajiye kwanon, ya nufi waje, ya tarar 'yan kallo sun toshe ƙofa. Sai ya juya ya fuskanci bango. Abin da ke manne a wurin hoton wayar da kai ne kan tazarar haihuwa. Ya karanta shi daga sama har ƙasa, ya sake somawa, kamar za a yi masa jarrabawa. A bayansa, ƙarƙashin mayafi, cokali yana bugun kwano a hankali, kuma duk ɗakin ana jin kowace loma.

Likita ya zo, ya ji bayani, ya sa hannu, ya ce ko a Mina kada ta ƙara shan ƙwayar ba ta karya ba. Dattijo mai jar hula ya sake naɗe hannun riga, yana gaya wa na kusa da shi cewa dama shi bai tsorata ba.

A hanyar komawa ba wanda ya yi jawabi. Da duwatsun Kwatarkwashi suka bayyana, Inna ta matse katinta a hannu, ta karkata wajen Hussaina.

"Ki ce mishi an gode. Ranar tashi kada ya wahal da kansa, ta haya za mu shiga."

"To," in ji Abdulaziz, idonsa a kan kwalta.