Bencin Baya

Dattijo Ishaku ya san yarinyar tana bakin mutuwa, ya kuma yi shiru da gangan. Wannan mugunta ce, ba ta da wani suna.

Shi ne mai yin sanarwa a wata ƙaramar majami'a da ke unguwar Roumdé Adjia, inda ake sujada da Hausa. Ran Lahadin nan Hortense ta tare shi a bakin ƙofa, ta durƙusa, ta gaya masa cewa zazzaɓin cizon sauro ya shanye jinin 'yarta Christelle, tafin hannunta ya yi fari fat. A asibiti akwai jini, amma ba za a saka mata ba sai an kawo mutum biyu da za a ɗibi nasu a mayar. Ita an gwada ta, an ce nata ma bai ishe ta ba. Mijinta ya rasu, danginta suna can nesa a garin Bogo.

"Baba, ka faɗa wa jama'a kawai. Fasto ya yi tafiya, kai ne gare ni."

"Na ji," in ji shi, ya wuce.

Hortense tana cikin horon majami'a. An kama ta tana dafa bilbil, giyar dawa, dattawa suka mayar da ita bencin baya, wanda ke jikin ƙofa. Mai zama a nan ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi masu tsarki, ba ya buɗe baki a sujada. Ta karɓi hukuncin, don ta aikata. Amma Christelle ba ta dafa wa kowa giya ba.

Aka yi waƙa, aka yi wa'azi, Hortense ba ta ji ko ɗaya ba. Wayarta tana ta rawa a cikin zani. Habiba ce, maƙwabciyarta matar mahauci, wadda ta bari a gefen gadon yarinyar. Ta kasa ɗauka, don tana tsoron abin da za ta ji.

Ishaku ya hau ya fara sanarwa. Ya faɗi ranar koyon waƙa. Ya yi faɗa a kan kwanon rufi da ke yoyo. Ya ce masu babura su daina tare hanya. Sannan ya dubi bencin baya, ido cikin ido, ya ce, "Iyakar sanarwa ke nan."

 Hortense ta sunkuyar da kai ta ce, "Ubangiji, ban cancanta ba, na sani. Amma ba wurin Ishaku na zo ba, wurinka na zo." Sannan ta miƙe.

"Jama'a, Christelle tana asibiti. Jini ake nema."

"Zauna!" Ishaku ya daka mata tsawa. "Wa ya ba ki baki a nan?"

 Sai Mama Georgette, tsohuwar shugabar zumuntar mata, ta dogara sandarta ta tashi daga layin gaba.

"Ishaku, ta gaya maka tun da safe?"

"Horo horo ne, Mama. Wa ya sani ko Allah ne yake mata magana ta wannan ciwo?"

"Ni tambaya na yi. Ta gaya maka?"

 Tsohuwa ta ja ƙafa har bencin baya, inda ba mai son a gan shi, ta zauna ta kama hannun Hortense.

"Nawa jinin ya tsufa, ba mai so. Pierre! Kai da kake share kwanon mutum uku a kowane biki, ajiye gangar nan ka tayar da babur. Yau za mu ga inda tuwon yake zuwa."

Pierre makaɗi ya ajiye ganga. Wasu samari suka bi shi, mata suka bi su, tun ba a yi addu'ar rufewa ba.

A kan babur wayar ta sake rawa. Wannan karon Hortense ta ɗauka.

"Kina ina, baiwar Allah? Christelle ba ta amsa kira!"

"Tana numfashi?"

"Tana yi. Ki yi sauri."

A asibiti aka ɗibi jinin Pierre da na wata malamar makaranta. Hortense ta tsaya a kan 'yarta tana kallon jinin yana ɗiga, tana kallon ƙirjin yana hawa da ƙyar. A baranda matan zumunta suna waƙa a hankali, Habiba tana gefe tana jan carbi. Can wajen la'asar yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Da Fasto ya dawo, dattawa suka zauna. Ba a ɗage wa Hortense horo ba, sai da lokacinsa ya cika. Ishaku kuwa aka sauke shi daga muƙamin dattijo, aka hana shi jibi, aka kai shi bencin baya. Yana can har yanzu, ba ya buɗe baki.