Kwana Bakwai a Ɗakin Inna Yalwa

Sau uku Madam Samiratu tana roƙon Mushe Kailu, wato Malam Kailu darektan lakwal, makarantar bokon garin, ya ba ta hutun kwana biyu, sau uku yana ce mata ai kowa ma a gajiye yake. Shi da yake da ɗakin siminti da yara talatin! Ita kuwa tamanin da bakwai aka jibge mata a rumfar kara, a wani ƙauyen Kurfai da motar Filinge ba ta leƙawa sai ranar kasuwa. Ita ce koyarwa, ita ce rabon faɗa, ita ce lallashin wanda ya zo da yunwa. Muryarta ta dushe tun bayan girbi, barci ya ƙaurace mata. Ranar Talata har ta ɗaga hannu za ta mari wata ƴar mitsitsiyar yarinya don kawai ta nemi alli, da ƙyar ta sauke shi. Ta san in ba ta huta ba, wata rana ba za ta sauke ba.

Washegari akuya ta huda karan rumfar ta shigo, yara suka kaure da ihu. Samiratu ta buɗe baki ta tsawata, sai kuka ya kufce mata. Ta zube ƙasa jiki na ɓari, tana kururuwa, ta kasa tsayawa.

Nan da nan gari ya cika lakwal. Iyayen da ta yi wata uku tana aika musu su zo taro suna cewa aiki ya yi yawa, ga su nan har da masu goyo, kowa na faɗin iska ta hau madam. Aka ɗauke ta ranga-ranga sai gidan Inna Yalwa, tsohuwar da ƴan borin garin ke bi.

Tsohuwar ta kori kowa waje. Ta duba idanunta, ta riƙe hannuwanta har jikin ya lafa.

"Ɗiyata, ba kowa bisa kanki," in ji ta. "Na san su in sun zaka. Ke dai gajiya ta."

"Inna, shi nika hwaɗi tun watan jiya!" Samiratu ta ce cikin haushi. "Wa yaj ji ni?"

"To, mi kika so? In na hita nac ce gajiya ta, gobe da sahe kina rumhwa. In kau na yi shiru, ga al'adarmu wadda tah hwaɗi sai ta kwan bakwai ɗaki, ba mai tada ta."

Samiratu mai salla ce, ba ta taɓa zuwa ko kallon wasan bori ba, kuma ta tsani ƙarya. Duk da haka ta ce:

"Ki yi shiru, Inna."

Da la'asar sai ga Mushe Kailu. Daga ciki ta ji shi ya tuɓe takalma a ƙofar ɗaki, ya ajiye kaza tana ƙara, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaida surukai.

"Inna, a ce mata ta huta. In bakwai ba su isa ba, a ƙara. Ni zan riƙe ɗiyan. Mutane ma sun ɗauro kara, suna gyaran rumhwa."

Samiratu ta juya fuskarta bango. Ga hutu ya samu, amma baƙin ciki ya hana ta jin daɗinsa. Da bakinta ta roƙa, da takarda ta rubuta, a banza. Yau da suke zaton ba ita ce a jikinta ba, har da kaza!

Inna Yalwa ta shigo da ƙwaryar fura ta ajiye gabanta.

"Inna," Samiratu ta ce, ba ta waiwayo ba, "wa yaz zaka gaidawa? Ni, ko wanda ba shi nan?"

Tsohuwar ta dama furar, ta miƙa mata ludayi.

"Sha, ɗiyata. Ke ma kin sani."