Filin da Za a Yi Tashar Bas

Nuraddeen ne ya fara kawo maganar filin, kuma har ranar taron yana alfahari da hakan. Mutumin Kano ne, ya zo Maiduguri bayan gari ya lafa, ya buɗe shagon kayan waya a bakin titi a unguwar Bulabulin. Da aka ce za a ƙaro layin dogayen bas ɗin nan masu bin hanyarsu ta daban har su ratso unguwar, ya fi kowa murna. Matarsa Rahmat ma'aikaciyar jinya ce a can wani gefen gari, kullum sai ta canza Keke Napep a hanya, ta dawo gida a galabaice.

Inda za a sa tasha ne ya zama matsala, domin titin a matse yake da shaguna da rumfuna. Ranar da ma'aikatan kamfanin da zai yi aikin suka zo awo, sai Nuraddeen ya zagaya da su bayan shagonsa ya nuna musu wani fili. Babu gini a kai, sai darbejiya guda ɗaya da wata tsohuwa, Ya Falmata, mai sayar da gyaɗa da aya a gindin bishiyar. Suka auna, suka yi masa godiya.

Daga nan unguwa ta rabu biyu. Matasa da 'yan makaranta da baƙi irinsa suna so. Masu Keke Napep suna tsoron rasa fasinja, wannan kowa ya gane. Dattawan unguwa ne Nuraddeen ya kasa ganewa. Yau su ce hayaniya, gobe su ce yara za su riƙa tsallaka titi, jibi su ce ruwa na kwanciya a filin da damina, alhali shi bai taɓa gani ba.

Aka kira taron unguwa a kan maganar, aka yi shi bayan la'asar a harabar makarantar firamare. Injiniya Aisha Humaira, wadda kamfanin ya turo, ta manna taswira a allo ta yi bayani. Bulama Madu, mai unguwa, ya miƙe a hankali ya ce suna maraba da aiki, amma a nemi wani wurin.

Nuraddeen ya ɗaga hannu.

"Baba Bulama, a gafarce ni. Wane wurin? Filin nan ba na kowa ba ne, ba a noma shi, ba a gina shi. Ku faɗa mana dalili guda ɗaya na gaskiya, mu haƙura. In kuwa babu, kada a hana unguwa ci gaba saboda inuwar mai gyaɗa."

Matasa suka yi dariya, wasu har da tafi. Bulama ya kalli ƙasa, dattawan da ke gefensa ma duk suka sunkuyar da kai.

Sai Ya Falmata ta taso daga inda mata suke zaune. Ta gyara lafayarta, ta tako har gaban allo. Hausarta da nauyin harshen Barebari, amma babu kalmar da ta ɓace wa kowa.

"Ɗana, ka ce a faɗi dalili. 'Ya'yana biyu suna cikin filin nan. Mikail da Imran. Ba su kaɗai ba ne."

Wani da ya fara tafi ya tsaya da hannuwansa a buɗe.

Ta ce a shekarar da gari ya rikice aka hana fita, harbi ya same su a bakin titi suna rufe rumfa. Babu halin kai gawa maƙabarta. Maza suka wanke su, suka sallace su a zaure, suka binne su a filin tare da sauran waɗanda aka tsinta a ranakun nan. Ba a sa alama ba don tsoro. Da zaman lafiya ya dawo kuma, babu mai son tada maganar. Kowa ya yi shiru, shirun ya zama jiki.

"Ni ba ciniki ne ya zaunar da ni a can ba," in ji ta. "Gyaɗa a bakin kasuwa ta fi tafiya."

A filin nan Nuraddeen yake shimfiɗa tabarma ya ci abincin rana. A nan yake tara kwalaye ya cinna musu wuta, tsohuwar tana kallonsa, ta kawar da kai daga hayaƙi, ba ta taɓa ce masa uffan ba. Ya juya ya dubi maƙwabtansa na shago, waɗanda suke shan shayi tare kullum. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Ashe duk sun sani.

Injiniya ta sa hannu ta cire taswirar.

"Mama, wallahi ba mu da labari," ta ce. "Zan koma in gaya musu."

Wata 'yar makaranta a baya ta fashe da kuka. Bulama ya ɗaga hannuwa ya yi addu'a, aka shafa, mutane suka watse.

Gardamar ba ta ƙare a nan ba. Kamfanin ya dawo da sabon tsari, aka mayar da tashar bakin titi, aka shafa jan fenti a rumfunan da za a rage, har da ta gaban shagon Nuraddeen. Wasu 'yan kasuwa suka daina gaisawa da shi, suna cewa da bai tono zancen ba da an lallaɓa an wuce wurin. Wasu kuma Bulama suka zarga da ɓoye abin da ya kamata a sani tuntuni. An dai haɗu a kan abu ɗaya, aka kewaye filin da gajeren bango.

Kwana da kwanaki Nuraddeen yana bin doguwar hanya don kada ya wuce ta gaban tsohuwar. Rahmat ce ta gaji, ta ce ya tashi su je tare. Suka durƙusa suka gaishe ta. Nuraddeen ya fara magana.

"Ya Falmata, ni dai..."

"Ba ka sani ba, ɗana. Zauna."

Suka zauna. Ta tambayi Rahmat aiki, ta nuna mata gwiwarta da ke kumbura. Can ta dubi Nuraddeen.

"Motar nan taku, za ta kai Ajilari? 'Yata tana aure a can."

Ya ce bai tabbatar ba, amma zai tambayi Injiniya da safe.