Inda Aubrey Yake Shan Iska

Wilfred Probert bai iya busa ko kaɗa komai ba, amma shekara goma sha ɗaya shi ke riƙe da takardun ƙungiyar makaɗa ta garin Ledbury. In an aro takardun kiɗa daga Landan shi ke rabawa, in an gama shi ke tattarawa, ya zauna ya share duk abin da makaɗa suka rubuta da fensir, don dokar masu ba da aron ke nan: takarda ta koma fes kamar yadda ta zo. Bai taɓa saɓawa ba. Mutum ne mai fargabar a kama shi da laifi, ko ƙofar shagon ƙarafan da yake aiki sai ya koma ya taɓa ta sau biyu.

Akwati ɗaya ne ya makale a hannunsa. An aro shi gab da yaƙin duniya na biyu, an yi gwaji sau uku, sai sojoji suka karɓe zauren garin, samarin ƙungiyar kuma aka kira su ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu har da ɗansa Aubrey, mai busa sarewa. Yaron tun yana ƙarami ƙirjinsa ba ƙarfi, Probert ya ɗauka likitan soja zai maido shi gida. Bai maido shi ba. Shekara biyu bayan haka wasiƙa ta zo, jirgin ruwansu ya nutse.

A bazarar 1943 masu takardun suka rubuto. Bam ya ƙone ma'ajiyarsu, wannan akwatin na cikin 'yan kaɗan da suka rage, kuma wani gari a arewa na jiransa. A saka shi a jirgin ƙasa ranar Litinin, a share shi tas.

Mis Tranter, malamar makarantar da ke jagorantar ƙungiyar, ta ce asara ce ya tafi ba a ji shi ba ko sau ɗaya. Ta tara waɗanda suka rage, tsofaffi da mata, a coci ranar Lahadi da la'asar. Sarewa kuwa aka ba tsoho Gwatkin, mai gyaran agogo, wanda rabonsa da busa a gaban jama'a tun yaƙin duniya na farko.

Probert na jera kujeru Gwatkin ya kira shi, yana ɗaga takardar zuwa hasken taga.

"Kai, sarkin shara, zo ka ga aikinka. Wane raggo ne ya yi wa takardar nan zanen kaza? Taku uku ya tsaya shan iska, taku uku ya tsaya. Ni da na ba saba'in baya ma na fi shi huhu."

Probert ya leƙa. Ƙananan alamu ne na fensir a saman layuka, inda mai busa yake tsayawa ya ja numfashi. Sun yi yawa, har a tsakiyar jimlar da ba a saba yankewa ba.

"Na Aubrey ne," in ji shi.

Gwatkin ya sauke takardar a hankali. Ya ba shi haƙuri, ya ce bakinsa ya daɗe yana riga hankalinsa. Probert ya ce ba komai, ya ci gaba da jera kujeru.

Wanda ya tsara kiɗan wani saurayi ne da shi ma bai dawo daga yaƙin farko ba. Ba hayaniya a cikinsa. Masu goge suka fara can ƙasa-ƙasa, kamar kogi a rana mai zafi, sannan sarewa ta shigo ita kaɗai da wata waƙar makiyaya, ta hau, ta sauko, ta sake hawa. Probert na tsaye a bayan cocin, hankalinsa na kan takardar da ke neman zamewa daga gaban wata mai goge. Sai ya ji Gwatkin ya yanke ya ja iska inda ba a yankewa. Ya sake yi. Tsohon bin alamun yake yi ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba.

Probert ya san wannan numfashin. Shekaru ya yi yana sauraronsa ta bayan ƙofa, yana auna ko a kira likita ko a bari. Ya tsaya a inda yake har aka gama. Wasu mata sun fitar da hankici. Shi kuwa ya bi kujeru ya tattara takardu, ya ƙirga, ashirin da shida cif.

Litinin da safe ya baje su a teburin kicin. Robar share fensir ta tafi yaƙi tuntuni, ba a samunta a kasuwa, don haka da cikin burodi yake sharewa, ya murza shi ya zama ɗan ƙwallo. Matarsa Nesta ta yanko masa ba ta yi ƙorafi ba. Ya share na masu goge, ya share na masu ƙaho, har da hoton Mis Tranter mai dogon hanci da wani ya zana. Da ƙarfe goma ta yi, takardar sarewa kaɗai ta rage.

Nesta ta ce ya ɓoye ta a aljihun tebur, ya ce musu ta ɓata, wa zai zo daga Landan ya bincika? Ya ce in ta ɓata, mutanen arewa ba su da sarewa, kiɗan kuma ba ya tashi sai da ita. Ta ce to ya kwafa musu wata. Ya ce hannunsa bai iya ba, jirgi kuma sha biyu saura kwata ne.

"To share, Wilf, tunda doka ta fi ɗanka," ta ce, ta juya wajen tukunyar shayi.

Ya ɗauki burodin. Ya duba alamar farko, 'yar ƙarama, ta karkata hagu kamar duk rubutun yaron. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ajiye burodin, ya sa takardar cikin 'yan'uwanta yadda take.

A saman akwatin akwai 'yar takardar da yake sa hannu cewa an share komai. Ƙarya ba ta cikin abin da ya iya. Ya rubuta a ƙasa: ashirin da biyar an share, ta sarewa ba a share ba, laifina ne ba na ƙungiya ba, a bar wa mai busa na gaba. Ya sa hannu, ya ɗaure akwatin da igiya, ya sake duba ƙullin.

Nesta ta karanta ta kan kafaɗarsa. Ta share ɓurɓushin burodin cikin tafin hannunta ta kai wa kaji, ta dawo ta ɗauko hularta, ta ce akwatin ya yi wa mutum ɗaya nauyi zuwa tasha.