Manang Luding Ba Ta Tuba Ba

Cokali na uku nake kai mata baki sa'ad da muka ji takun takalmi a kan tsanin gora. A unguwarmu ta masunta babu mai sa takalmi sau-ciki ranar Talata sai dattawan ikilisiya.

"Nening, goge mini baki," in ji Manang Luding, maƙwabciyata. A yarenmu Manang ake ce wa babbar mace, Manong kuma babban namiji. "Kada su ce har faten shinkafa ya fi ƙarfina."

Manong Tasyo ne ya fara shigowa, shugaban dattawa, da Littafi Mai Tsarki a hammata. Bayansa Ɗan'uwa Efren, sabon dattijo, riƙe da ledar mangwaro. Shekara goma sha tara rabon da wani ɗan ikilisiyarmu, in ban da mijinta, ya taka wannan tsani. Ni ma, in ba zan yi ƙarya ba, wata biyu ke nan da na fara hawansa, tun da likita a birnin Iloilo ya sallamo ta ya ce ciwon dajin ya riga ya ci hanta.

"Luding," in ji Manong Tasyo. Bai ce mata 'yar'uwa ba. "Ya jikin?"

"Ga shi kana gani. Ka tsufa, Tasyo. Haƙoran nan naka ne ko na aro?"

Efren ya duƙar da kai yana neman inda zai ajiye mangwaron. Manong Tasyo ya jawo kujerar roba ya zauna, ya ce ikilisiya uwa ce, ba ta kulle ƙofa har abada. Dattawa sun zauna sun yi addu'a a kanta. Kalma uku kawai ake so ta faɗa a gabansu: na yi kuskure. Ranar Lahadi a sanar an karɓe ta, in lokaci ya yi kuma a kwantar da ita a maƙabartar ikilisiya, kusa da mijinta Isko.

"Isko ya yi mini minshari a kunne shekara ashirin," ta ce. "Zai iya kwana shi kaɗai." Ta ja numfashi, ta daɗe kafin ta sake samun murya. "Ina Berting?"

Ta kafe Manong Tasyo da ido.

"Har yanzu yana koya wa yara waƙa?"

"Wannan magana an rufe ta, Luding."

"Ku kuka rufe ta. Ni a gidana take kwana."

Da za su sauka, Manong Tasyo ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni. "'Yar'uwa Nening, kin san hukuncin cin abinci da wanda aka fitar."

"Ba ci nake ba, Manong. Ba ta nake yi."

Melba, 'yar Manang Luding tilo, tana da shekara goma lokacin da abin ya faru. Berting ne malamin mawaƙan yara, mutum mai sanyin murya wanda kowace uwa ke so ɗanta ya yi koyi da shi. Wata Asabar yarinyar ta dawo daga koyon waƙa ta ƙi cin abinci, ta shige ƙarƙashin gida inda ake ajiye komar kifi. Sai bayan kwana biyu ta faɗa wa uwarta abin da ya daɗe yana yi mata.

Luding ta yi abin da aka koya mana, ta kai wa dattawa. Su uku suka zauna a ɗakin bayan coci, suka zaunar da yarinyar a gaban Berting, suka hana uwar shiga. Ta taga ta riƙa jin tambayoyin. Wace riga kika sa? Me ya sa ba ki yi ihu ba? Me ya sa kika koma mako na gaba? Berting ya yi kuka ya ce sharri ne. Dattawa suka buɗe Littafi suka karanta cewa ba a kama mutum sai da bakin shaidu biyu. Shaida ɗaya ce, kuma yarinya. Suka ce a bar wa Allah, kada a kai sunan Ubangiji gaban waɗanda ba su san shi ba.

Luding ta hau babur mai kwando ta tafi ofishin 'yan sanda a gari. Can ma aka kira dattawan, aka sha kofi, aka ce su sasanta a cikin gida. Melba kuwa ta daina magana gaba ɗaya, ko sunanta aka tambaye ta sai ta kalli ƙasa. Lahadi biyu bayan haka aka karanta sunan Luding daga kan bagade, an fitar da ita saboda ɓata sunan ɗan'uwa. Berting aka ba shi takardar shaidar hali nagari, ya koma wata ikilisiyarmu a tsibirin Negros.

Daga ranar babu mai gaishe ta. Matan da suke shanya kifi tare da ita suka janye tabarminsu zuwa can ƙarshen gaɓa. Isko ya ci gaba da zuwa sujada shi kaɗai har ya mutu. Melba ta cika sha bakwai ta tafi Manila, ta shiga masana'antar ɗinki. Ni kuwa shingen gora ne kawai tsakanin gidana da nasu. Ina jin tarin Luding, ina jin ƙamshin miyarta, in mun haɗu a famfo sai in kalli bokitina.

Washegarin zuwan dattawa na ɗora ruwa na zo yi mata wanka. Ta zama kamar ƙaramar yarinya, hannu ɗaya ya isa in juya ta. Ina goge mata baya, ba ta ganin fuskata, shi ya sa na iya.

"Manang, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita."

"Ruwan na hucewa. Faɗi."

Na faɗa mata. Wannan Asabar ɗin na koma coci ɗauko lemata da na manta. Na tarar sauran yara sun watse, ɗakin baya kuma a sakate ta ciki. Na ƙwanƙwasa. Berting ya buɗe yana gyara bel ɗin wandonsa, gumi a goshinsa, ya ce, "'Yar'uwa Nening, muna gyara murya ne." Melba na tsaye a bayansa da silifa ƙafa ɗaya, maɓallan rigarta a karkace. Ta dube ni. Na ɗauki lemata na fita. Da na gaya wa mijina Ambo, wanda ake shirin naɗawa dattijo a shekarar, sai ya ce, "Me kika gani da idonki? Ƙofa kika gani." Na yarda ƙofa na gani.

Na gama, na tsaya da tsumma a hannu. Ina jira ta zage ni.

"Na sani," ta ce.

"Kin sani?"

"Melba ta gaya mini tun ranar farko. Ta ce Tiya Nening ta gan mu. Na ce wa Tasyo su kira ki. Ya ce sun tambayi Ambo, ya ce matarsa ba ta fita ba ranar."

"To me ya sa ba ki taɓa..."

"In zo in roƙe ki ki ga abin da kika gani?" Ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Na jira ki. Kullum in na ji motsinki a bayan shinge sai in ce yau ce. Har Ambo ya mutu na ce to yanzu. Kin yi nawa, Nening. Ko kunkuru da ya iso."

Na durƙusa a gefen tabarmar ina kuka, na ce ta yafe mini.

"Ba ni kika bari a ɗakin nan ba. Tashi ki ƙarasa mini bayan, sanyi nake ji."

Melba ta iso ranar Alhamis da jirgin ruwan safe. Mace doguwa, gashi a yanke, ba ta da yawan magana. Ta gaishe ni da "Tiya", wato gwaggo, kamar yadda ake gaida mai sayar da tikiti. Ta zauna ta ɗora kan uwarta a cinya tana taje mata gashi da yatsu. Wajen azahar, lokacin da kwale-kwale ke dawowa ana ta kiraye-kiraye a gaɓa, Luding ta buɗe ido ta ce, "Inday, 'yata, kin ci abinci?" Melba ta ce ta ci. Luding ba ta sake magana ba har ta cika.

Mun binne ta a maƙabartar gari, can bayan gonakin rake. Mu bakwai ne, har da direban babur da mai sayar mata da gishiri, wanda ba ɗan ikilisiyarmu ba ne. Da muka bi ta unguwa da akwatin, tagogi a rufe suke, amma ina ganin labule na motsi. Ɗan'uwa Efren kaɗai na hango tsaye a gindin wata kwakwa, hularsa a hannu. Bai matso ba.

A hanyar dawowa na ce wa Melba ina so in faɗi abin da na gani, a duk inda ta ce.

Can ta ce, "Kin san ba na tuna fuskarsa sosai? Taki nake tunawa. Ke da lemar nan mai furanni."

Ta juyo ta dube ni.

"Ba don ni ba, Tiya. Ni an gama da ni tuntuni. Amma yana da yara goma sha biyu a hannunsa yanzu. Na ga hotonsu a waya, duk cikin fararen riguna."

Ranar Litinin muka je gari. Yanzu akwai teburi na musamman na mata da yara, 'yar sanda ce a kai, wadda ba ta fi sa'ar Melba ba. Ta rubuta bayanin Melba, ta rubuta nawa, ta karanta mini na sa hannu. Ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta ce shekaru sun yi nisa, amma za ta kira takwararta a Negros a ranar, kuma ta ɗaga wayar muna zaune.

Melba ta koma Manila ranar Laraba. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban tambaya ba. Ta dai miƙo mini makullin gidan.

Lahadin da ta biyo aka karanta sunana daga kan bagade. Ban je ba, surukata ce ta gaya wa ɗana, shi kuma ya aiko mini da saƙo ta waya, don yanzu bai halatta ya hau tsanina ba. Har yau ban ji abin da ya faru a Negros ba. Nakan je ofishin duk mako biyu, 'yar sandar ta ce ana nan ana bincike.

Jiya da la'asar na shiga ta ƙofar shinge in buɗe tagogin gidan Manang Luding ya sha iska. Kajinta uku suna tsaye a gindin tsani, sun ɗaga kai suna kallon ƙofa. Na watsa musu tsakin shinkafa. Biyu suka sauko da kai suka hau ci. Ɗayar ta daɗe tana kallon sama.