Wadda Mama Ta Kira Auta

"Cire min hannunki," in ji Mama. "Ban san ki ba."

Auta ta saki hannun, ta ja da baya har ta bugi ƙarfen ƙarin ruwa. Mama ta juya kai tana lalube a kan bargo, ta kama yatsun ɗaya nas ɗin da ke tsaye a gefen gadon.

"Auta, kori matar nan. Tun ɗazu take kewaya ni."

"To, Mama, za ta tafi," in ji 'Yar Sanyi, da muryar nan tata da ta jawo mata sunan.

Auta ta tsaya tana kallon su. Ita ce fa autar. Shekara da shekaru tana aiki a wannan sashe na kulawa ta musamman, amma ranar da aka fito da mahaifiyarta daga tiyatar hanji, Matiron, shugabar nas-nas, ta ce 'ya ba ta jinyar uwarta a nan. Ta tura ta gadajen can ƙarshe, ta ba 'Yar Sanyi Mama. Duk nas-nas ɗin sashen a rasa wadda za a ba sai ita. Ajinsu ɗaya a makarantar jinya, kuma tun can Auta ce mai cin jarrabawa, 'Yar Sanyi ce mai shan godiya.

Ciwon Mama ba baƙo ba ne a wajen Auta. Ruɗewa ce da ke kama masu jinya mai tsanani: mutum ya manta inda yake, ya ga abin da babu, ya ɗauki ɗansa ɓarawo. Ita ke koya wa sababbin ma'aikata yadda ake gane ta. Abin da ba ta taɓa koya wa kowa ba shi ne yadda ake tsayawa a kalli uwa tana shafa hannun wata.

Likita ya zo zagaye, ya duba robar hancin da Mama ta fizge da safe aka mayar.

"In ta sake cirewa, sai a ɗaure hannuwan, a ba ta allurar barci," ya ce. "Ba zan bari ta taɓa ɗinkin ba."

Auta ta san abin da ke biyo baya. Tsohuwa in an ɗaure ta ruɗewar ƙaruwa take yi, in an kwantar da ita da allura ƙirji ya cika, daga nan sai injin numfashi. Ta ga waɗanda suka bi hanyar nan ba su dawo ba.

Ta tare 'Yar Sanyi a ɗakin haɗa magani, ta tura ƙofa.

"Me ya sa kike amsawa?"

"Amsa me?"

"Kada ki raina min hankali. Sunana. Ƙa'ida ita ce a gaya wa majiyyaci gaskiya. Ga inda kike, ga ranar da ake ciki, ga ko ni wace ce. Ke kuma kin zauna kina ƙara mata ruɗani."

"Na gaya mata sau nawa? Duk lokacin da na ce ba ni ce Auta ba sai ta kai hannu hanci. Mai tsoro ba a musu da shi, sai ya natsu tukuna." 'Yar Sanyi ta rufe kwalbar da ke hannunta. "Tsakaninki da Allah, ƙa'idar ce ke damun ki?"

Auta ta kau da kai. Kishi ne, ta sani, irin wanda ke sa mutum ya ji kunyar kansa, kuma sanin bai rage komai ba.

Bayan azahar tana canja wa wani dattijo ruwa, kunnenta na can gadon Mama. Sai ta ji tsohuwar tana cewa, "Duk fararen abubuwa ne ke yawo. Ba su da fuska."

Hannun Auta ya tsaya. Tabarau. Ranar tiyata ita da kanta ta zare shi daga fuskar Mama, ta naɗe a hankici, ta kulle a durowarta don kada ya fashe. Mama kuwa in babu shi ko ƙofar ɗakinta sai ta lalubo. Ita Auta mai cika wa ɗalibai kunne da a buɗe labule, a kafa agogo, a mayar wa mutum tabaransa, kwanakin nan duk ta ƙare su tana harara, bai ko faɗo mata a rai ba.

Ta ɗauko shi da sauri. Amma da ta iso labulen gadon, sai ta ji Mama na magana ƙasa-ƙasa, ta tsaya.

"Auta, kin san duk cikin 'ya'yana ke kika ɗauko ni? Shi ya sa nake miki faɗa. Ranar da kika fara sa fararen kayan nan, ɗaki na shiga na yi kuka don daɗi. Ban bari kin gani ba, kada kanki ya kumbura."

Auta ta damƙe hankicin. Abin da ta tuna na ranar shi ne Mama ta dube ta sama da ƙasa ta ce rigar ta yi mata yawa. Yau ga maganar da ta jira tun tana yarinya, ana zuba ta a kunnen wata. Ta so ta yaye labulen ta ƙwace hannun. Ta kuma so ta tsaya nan a ɓoye har yamma, ta ji sauran, don ta tabbata da zarar Mama ta dawo hayyacinta bakin zai rufe.

"Robar nan tana ci na," in ji Mama. Gadon ya motsa.

Auta ta shiga. Ta sauke takunkumin fuskarta, ta goge gilasan da bakin rigarta, ta saƙala wa Mama a kunne. Ta ja labulen taga, hasken rana ya faɗo kan bargo.

"Mama, asibiti kike. An yi miki aiki a ciki, an gama lafiya. Robar nan ta abinci ce, ki bar ta."

Mama ta daɗe tana ƙifta ido. Ta kalli silin, ta kalli injin da ke ƙara a kanta, ta sauke hannu daga hanci a hankali. Sannan ta tsayar da ido a kan 'yarta.

"Sai yanzu kika ga damar zuwa?"

'Yar Sanyi ta sunkuyo. "Mama, wace ce wannan?"

"Auta ce mana. Wa zai ɗaure fuska haka in ba ita ba?"

Matiron da ke wucewa ta yi dariya, ta ce alhamdulillahi, a gaya wa likita ba sai an ɗaure kowa ba, amma a ci gaba da sa ido don abin yakan tafi ya dawo.

Mama ta juya wajen 'Yar Sanyi, har yanzu tana riƙe da yatsunta.

"Ke kuma 'yar waye? Allah ya yi miki albarka. Uwarki ta dace." Ta waiwayi Auta. "Ki riƙa koyon hali a wajenta."

'Yar Sanyi ta buɗe baki za ta yi magana, Auta ta girgiza mata kai. Ta gyara wa Mama zaman tabarau a kan hanci.

"To, Mama," ta ce. Ta mayar da takunkuminta, ta koma wajen dattijon da ruwansa ya kusa ƙarewa.