Lallen Zinariya

Matata Zinariya ta rasu wata Laraba a bazarar 1954, ina masallaci wajen sallar Azahar. Ta bar tukwane, da akwatin zannuwa, da jerin lalle da ta dasa daga bakin rijiya zuwa bangon makewayi. Tukwane da zannuwa an raba su yadda shari'a ta ce. Lallen ya zauna inda yake, don ba wanda ya tuna da shi sai ni.

A hannunta shingen bai wuce ƙirjina ba, a cunkushe, kore shar rani da damina. Ni ban taɓa zuba masa ko moɗa ɗaya ba. Na san sunansa da Larabci, na san abin da malamai suka rubuta a kan ƙunshi, a ganina na sauke nawa nauyin. Ita ke ba shi ruwan tsari, ta tona gindinsa ta zuba kashin awaki kafin ruwan farko. Sauran aikin matan unguwarmu ta Mandawari ke yi mata. Duk mai biki ko suna sai ta shigo da faifai ta tsinki ganye, a yi ta surutu ina karatu. Tsinkar nan ce ke hana shi tsawo, ta sa ya riƙa fitar da rassa daga ƙasa.

To, mace ba ta shiga gidan da namiji ke zaune shi kaɗai. Bayan sadakar arba'in sallama ta ɗauke, har ta waɗanda suka fi kowa kuka. Na koyi ban ruwa, ba wani abu ba ne, jaki ma zai iya. Yanka ne na ƙi. Kafin shekara ta zagayo ya zarce kaina, ƙasansa ya zama tsirara, tsofaffin rassan suka yi ƙaya. Daga tabarmata ina hango ƙofar makewayi ta tsakaninsu.

Ana haka ƙanwarta Uwani ta zo daga Gwale, da ɗanta Sule, ƙaton magidanci, ɗauke da fartanya da adda.

"Malam Hambali, wannan shinge ne ko daji? Kura kake kiwo a ciki?"

"Sannu da zuwa, Uwani. Har yanzu ba a koya miki sallama ba?"

"Na yi, kurma ne a gidan. Lallen nan daga gidan Innarmu Yaya ta yanko shi. Tonewa zan yi in kai inda akwai ƙafar da za a ƙunsa. Kai me za ka yi da shi? Gemu za ka rina?"

"Rina gemu sunna ne. Tone shuka a gidan mutum kuwa, alƙali na da sunan da yake kiransa."

"Kai ni ƙara! In an je ka karanta masa yadda ka mai da shukar Yaya sandunan kora awaki." Ta kama reshe ɗaya ta girgiza, duk jerin ya yi layi. "Ka gani? Iskar ruwan farko za ta kwantar da shi. Ko a sare shi zuwa gwiwa yau, ko Sule ya tone. Zaɓi."

Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Sule ya matsa da adda. Na karɓe daga hannunsa. Na fara daga bangon makewayi, ina sara a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan yankan, ƙaya na yagar hannun rigata. Uwani na biye da ni tana gyara mini, tana tsince rassa masu kaurin yatsa da za ta dasa. Da na kai bakin rijiya tsakar gidan ya yi fili, ba sauran komai sai kututture a jere.

"Zai tofo," in ji ta tana ɗaure daminta. "Wai me ya hana ka tun bara?"

"Ƙyuya."

"Na sani!" Ta fita tana murna, ta sami abin faɗa a Gwale.

Ya tofo, kamar yadda ta ce. Yanzu ina rage masa kai duk sanda ya nemi wuce ƙirjina, in shanya ganyen in aika wa maƙwabta. Shinge ne mai kyau. Sai dai lallen da ake yanka ba ya samun zarafin fure, don a kan reshen da aka ƙyale furen ke fitowa. Zinariya ta yi shekaru tana roƙon matan nan su bar mata ko reshe ɗaya, ba sa bari. A bazarar da ta rasu tana kwance da zazzaɓi, matan suka rage shigowa. Da zan fita masallaci ran Larabar, ƙamshi ya tsayar da ni a bakin rijiya. Na duba, ga wani ɗan curi fari-fari a ƙarshen reshe. An riga an kira salla, sai na ce in na dawo zan shiga in faɗa mata.

Zinariya, lallenki ya yi fure.